Ɗurin Sinadarin Garkuwa ta Jijiya ga Yara Masu Ƙarancin Ƙwayoyin Daskarar da Jini: Aikinsa da Iyakarsa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wata cuta ta yara wadda garkuwar jiki ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, da kuma wani magani da ake ɗura wa mai ita ta jijiya, wanda ake tacewa daga ruwan jinin dubban mutane. An bibiyi yadda aka gano musabbabin cutar da yadda aka dace da maganin a shekarar 1980, sannan aka fayyace hanyar da yake bi ya yi aiki a cikin saifa. Maƙalar ta nuna cewa maganin yana ɗaga adadin ƙwayoyin cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ba ya kawar da cutar, don haka yaron da ke zubar da jini ne yake buƙatarsa, ba duk yaron da gwaji ya nuna masa ƙaramar lamba ba. An kuma dubi abin da wannan ke nufi a ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce yaro ba shi da jini, abu guda yake nufi: idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, ƙarfinsa ya ragu, maganinsa a asibiti kuwa ƙarin jini ne. Wannan fahimta ta dace da cututtukan da ya fi sani, irin su zazzaɓin cizon sauro da sikila da tamowa. Sai dai akwai wata cutar jini da ba ta shiga wannan ma'auni ba. Yaron da ta kama idonsa bai yi fari ba, yana wasa, yana cin abinci, amma wani ɗan ɓangare na jininsa ya kusa ƙarewa, wato ƙwayoyin da ke toshe rauni. Likitoci suna taƙaita sunanta da haruffan ITP, ma'anar sunan kuwa ita ce ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini wanda garkuwar jiki ta haddasa.

Kafin a shiga bayani akwai buƙatar daidaita kalmomi uku. Ƙwayoyin da ake magana a kansu za a kira su filatilet, kamar yadda ma'aikatan ɗakin gwaji ke furtawa, domin "ƙwayoyin daskarar da jini" ya yi tsawo ga maimaitawa. Kalma ta biyu ita ce antibodi. An saba jin ana fassara ta da "sojojin jiki", fassarar da ake yi wa fararen ƙwayoyin jini su ma. A wannan cuta fassarar tana ɓatar da mai karatu, saboda antibodi ba shi ne ke kisa ba. Alama kawai yake sawa, kamar yadda ake shafa wa dabbar da aka saya fenti a kara, wani daban ne zai zo ya ja ta. Ta uku ita ce IVIG, taƙaitaccen sunan maganin, wanda ke nufin tarin antibodi na lafiyayyun mutane da ake ɗurawa ta jijiya.

2.0 Filatilet da Yadda Suke Ƙarewa

Jini ruwa ne mai ɗauke da ƙwayoyi iri uku. Ruwan, wanda ake kira filasma, launinsa ɗorawa ne idan aka raba shi da ƙwayoyin. Jajayen ƙwayoyi su ne ke dakon iskar da ake shaƙa, farare suna yaƙi da cuta, filatilet kuma su ne mafi ƙanƙanta. Ba ma cikakkun ƙwayoyi ba ne, gutsattsari ne da ke ɓallewa daga wasu manyan ƙwayoyi da ke zaune a cikin ɓargo. Kowace ɗaya tana yawo a jini kwana 7 zuwa 10, sannan saifa da hanta su kawar da ita, ɓargo ya maye gurbinta. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita ta jini, wato kashi ɗaya cikin dubu biyar na cikin ƙaramin cokalin shayi. Da zarar jijiya ta tsage, su ne ke fara isa wurin, su manne da bakin raunin, su manne da juna, su yi toshiyar farko wadda sauran sinadaran daskarewa ke ƙarfafawa.

Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 5, kuma ba ta da yawa: yara 2 zuwa 5 ne cikin kowane 100,000 a shekara. Galibi takan biyo bayan wata 'yar rashin lafiya da aka riga aka manta da ita, kamar mura ko gudawa ko ƙarambau, da mako ɗaya zuwa huɗu. Garkuwar jiki ta ƙera antibodi domin ƙwayar cutar da ta shigo, amma wasu daga ciki suka kama sinadaran da ke bayan filatilet, suka sa musu alamar abokan gaba. Idan jini ya ratsa saifa, wasu manyan ƙwayoyi masu haɗiya, waɗanda ake kira makurofaj, sai su tsince duk mai alama su haɗiye. Filatilet da ya kamata ta yi kwana goma ba ta wuce 'yan awoyi. Ɓargo yana ƙoƙarin cike giɓin, amma shi ma antibodin yana taɓa manyan ƙwayoyinsa, ya rage musu haihuwa.

Abin da iyaye ke gani yakan zo ne bagatatan. Yaro ya kwana lafiya, ya tashi da ƙananan ɗige-ɗige kamar cizon ƙuma a ƙafafu da wuya, waɗanda ba sa ɓacewa idan aka danna su, da tabban kwanciyar jini a wuraren da bai bugu ba. Wani yakan yi haɓo, ko dasashinsa ya yi jini. Gwaji kan nuna adadin filatilet ƙasa da 20,000, sau da yawa ma ƙasa da 10,000, alhali jajaye da fararen ƙwayoyi suna nan daidai. Babu wani gwaji guda da ke tabbatar da cutar. Likita yana isa gare ta ne bayan ya kore sauran cututtukan da ke rage filatilet. A shekarar 2009 wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya tsayar da cewa sai adadin ya sauka ƙasa da 100,000 za a ambaci sunanta, ya kuma kasa ta mataki uku: sabuwa a wata uku na farko, mai naci daga wata 3 zuwa 12, daɗaɗɗiya idan ta haura shekara.

Abu mafi muhimmanci game da ita a jikin yara shi ne tana tafiya da kanta. Wajen yara uku cikin huɗu suna warkewa kafin shekara ta zagayo, da yawansu cikin 'yan makonni, ko an ba su magani ko ba a ba su ba. Abin da ake tsoro shi ne zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa, wanda kan yi kisa ko ya nakasa, amma bai kai yaro ɗaya cikin ɗari ba.

3.0 Yadda Aka Gano Musabbabinta

Likitan Jamus Paul Werlhof ya siffanta cutar a 1735, a jikin wata yarinya mai haɓo da ɗige-ɗige wadda daga baya ta warke. A lokacin ba a san akwai filatilet ba. A 1916 wani ɗalibin likitanci a birnin Prague, Paul Kaznelson, ya kawo hujjar cewa saifa ce ke cinye ƙwayoyin, ya shawo kan malaminsa na tiyata aka cire wa wata mata saifa, adadin filatilet ɗinta ya tashi. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba. Wasu masana sun tsaya a kan cewa ɓargo ne ya gaza, ba lalata ƙwayoyin ake yi ba.

Wanda ya raba gardamar shi ne William Harrington, wani matashin likita a asibitin Barnes da ke St. Louis a Amurka. A 1950 ya sa abokin aikinsa James Hollingsworth ya ɗura masa wajen rabin lita na jinin wata majinyaciya mai cutar. Cikin awoyi kaɗan filatilet ɗinsa suka zube, har jikinsa ya kama jijjiga. An duba ɓargonsa aka tarar lafiya lau yake, kuma bayan 'yan kwanaki adadin ya dawo yadda yake. An maimaita gwajin a jikin wasu ma'aikatan da suka ba da kansu, aka buga sakamakon a 1951. Ya tabbata ke nan akwai wani abu a cikin filasmar majinyaci da ke lalata filatilet na kowa, abin da daga baya aka tantance cewa antibodi ne. Babu kwamitin ɗa'ar bincike da zai yarda da irin wannan kasada a yau, amma da ita ce aka tabbatar da cewa a wannan cuta jiki ne ke yaƙar jinin kansa.

4.0 Maganin

Antibodi ne ciwon, kuma antibodi ne maganin. Wannan shi ne abin da ke da wuyar shiga hankali, kuma ba lissafi ne ya kai masana gare shi ba, dace aka yi.

Tun a shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Edwin Cohn na Jami'ar Harvard ya gano hanyar rarraba sinadaran filasma ta amfani da sanyi da sinadarin etanol. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka ware shi ne tarin antibodi, wanda aka yi ta amfani da shi wajen kare mutane daga ƙyanda da ciwon hanta, daga 1952 kuma aka fara ba yaran da aka haifa ba su iya ƙera nasu. Matsalarsa a lokacin ita ce ba ya shiga jijiya lafiya, domin yakan dunƙule ya tayar wa jiki hankali, don haka sai a tsoka ake yin allurarsa, kaɗan-kaɗan. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka samu nau'in da za a iya ɗurawa da yawa ta jijiya, kuma masu binciken Suwizalan suna kan gaba a wannan aiki.

A 1980, a asibitin yara na Jami'ar Bern, likita Paul Imbach yana kula da wani yaro mai cutar ITP da ta ƙi jin magani. Magungunan danne garkuwa da aka daɗe ana ba shi sun rage masa antibodi ƙwarai, sai aka ɗura masa IVIG domin kare shi daga ƙwayoyin cuta. Abin da ba a nema ba shi ya faru: filatilet ɗinsa suka tashi. Imbach da abokan aikinsa suka gwada a kan yara 13, suna ba su giram 0.4 ga kowane kilo na nauyin jiki kullum har kwana biyar. Dukkansu adadin ya ɗaga cikin kwana biyar. Mujallar Lancet ta buga rahoton a 1981, kuma daga nan ne aka fara amfani da IVIG a cututtuka da dama da garkuwar jiki ke haddasawa.

4.1 Hanyar da Yake Bi

Antibodi siffar gwafa gare shi. Rassan biyu su ne ke cafke abin da aka nufa, ƙotar kuma tana waje. A bayan makurofaj akwai wasu ƙofofi da aka yi su daidai da wannan ƙota. Filatilet mai alama idan ta zo wucewa ta saifa, ƙotocin da ke jikinta ne ke faɗawa cikin ƙofofin, sai a janye ta ciki. Idan aka kwararo wa jini antibodi mai ɗimbin yawa wanda ba ruwansa da filatilet, ƙofofin sukan cika da shi, makurofaj ya shagala, filatilet masu alama su wuce ba a taɓa su ba. Har yanzu alamar tana jikinsu, mai karanta ta ne hannunsa ya cika.

Hujjoji biyu sun ƙarfafa wannan bayani. A 1982 masu bincike a Zurich sun nuna cewa bayan ɗurin IVIG saifa takan yi jinkirin kawar da jajayen ƙwayoyin da aka sa wa alama da gangan. A 1993 kuma likitoci a Faransa suka ɗura wa yara masu cutar ƙotocin kaɗai, ba tare da rassan ba, filatilet suka tashi. Akwai ƙarin hanyoyi da aka gano daga baya. Maganin yana ƙara yawan wata ƙofa ta daban wadda aikinta kwantar da makurofaj ne. Haka kuma jiki yana da wata ma'ajiya da ke kare antibodi daga saurin lalacewa, to idan baƙon ya cika ta, mugun antibodin yakan rasa mafaka ya ƙare da wuri.

A cikin wannan bayani ne iyakar maganin take. Ƙwayoyin da ke ƙera mugun antibodi suna nan ba a taɓa su ba. Shi kuma baƙon ba mazauni ba ne, rabinsa kan ƙare a wajen mako uku. Idan jikin yaron bai daina kuskurensa ba kafin lokacin, ƙofofin za su sake buɗewa, adadin ya sake faɗuwa.

Yadda ake ba da shi ya sauya tun zamanin Imbach. Wani gwaji da Victor Blanchette na Toronto ya jagoranta, wanda aka buga a 1994, ya nuna cewa ɗuri guda na giram 0.8 ga kowane kilo ya wadatar, don haka a yau sau ɗaya ake yi, giram 0.8 zuwa 1. Ana farawa a hankali, ana lura da zafin jiki da bugun zuciya, ana ƙara gudu sannu-sannu har tsawon awoyi. Fiye da yara takwas cikin goma suna amsawa, galibi cikin awa 24 zuwa 48, kuma tasirin yakan kai mako biyu zuwa huɗu. Babu maganin da ya fi shi sauri a wannan cuta.

5.0 Wane Yaro ne Ke Buƙatarsa?

Shekaru da yawa likitocin yara sun rabu biyu. A Amurka an fi karkata ga ba da magani da zarar lamba ta yi ƙasa, a Ingila kuma an fi karkata ga sa ido. Masu ba da magani suna da fata guda da ya wuce tsayar da jini, wato ko ɗurin farko zai hana cutar zama daɗaɗɗiya. An gwada wannan a Holan, a kan yara wajen 200 da aka raba ta hanyar ƙuri'a, rabi aka ɗura musu IVIG sau ɗaya, rabi aka sa musu ido kawai. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa bayan shekara guda kashi 10 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa suna da cutar, a ɗaya rukunin kuma kashi 12, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Amma zubar jini mai tsanani ta samu kashi 9 na waɗanda aka sa wa ido, a waɗanda aka ɗura wa kuwa kashi 1. Gwajin ya ba kowane ɓangare rabin gaskiyarsa: maganin yana rage haɗarin makonnin farko, ba ya sauya makomar cutar.

Ƙa'idojin da Ƙungiyar Masana Cututtukan Jini ta Amurka ta fitar a 2019 sun ɗora hukunci a kan zubar jini. Yaron da ɗige-ɗige da tabbai kawai gare shi a fata, sa ido aka fi so, komai ƙanƙantar lambarsa. Wanda jini ke fita ta hanci ko baki, ko cutar ta hana shi sakat, a fara masa da firedinisolon na kwana 5 zuwa 7. IVIG yana zuwa ne inda ba a son firedinisolon ko ya gaza, ko inda sauri ya zama dole: jinin da ya ƙi tsayawa, tiyatar da ba za ta jira ba, buguwa a kai. Idan rai na cikin haɗari, ana haɗa su duka, har da ƙarin filatilet. A wajen wannan hali ƙarin filatilet ba shi da amfani, domin baƙin ma alama ake sa musu a haɗiye su cikin awoyi.

Dalilin taka-tsantsan shi ne maganin yana da nasa nauyi. Ciwon kai da zazzaɓi da amai sun zama ruwan dare bayan ɗuri, kuma wani yaron kan samu kumburin rufin ƙwaƙwalwa mai kama da sanƙarau, ba tare da ƙwayar cuta ba. Wannan illa tana da wata ƙaya: ciwon kai da amai su ne kuma alamun zubar jini a ƙwaƙwalwa, don haka yaron da aka ɗura wa magani domin hankali ya kwanta yakan ƙare a na'urar hoton kai. Akwai illolin da ba su cika faruwa ba amma sun fi tsanani, kamar fashewar jajayen ƙwayoyi, musamman ga wanda rukunin jininsa ba O ba ne, da taɓuwar ƙoda, da gudan jini a jijiya. Kasancewarsa daga jinin mutane ya sa a 1994 aka janye wani nau'insa daga kasuwa saboda ya yaɗa ciwon hanta nau'in C, abin da ya jawo ƙarin matakan kashe ƙwayoyin cuta da ake bi a yau.

Ga 'yan kaɗan da cutarsu ta haura shekara, maimaita ɗuri duk bayan 'yan makonni ba mafita ba ce. Akwai magungunan da ke zaburar da ɓargo ya ƙara haihuwa, kamar eltrombopag, wanda Amurka ta amince a ba yara a 2015, da romiplostim a 2018. Cire saifa, wanda shi ne maganin farko a tarihi, ya koma na ƙarshe.

6.0 Cutar da Maganinta a Ƙasar Hausa

An gina shawarar sa ido ne a ƙasashen da iyaye ke iya isa asibiti cikin ɗan lokaci, a kuma sake gwaji bayan kwana biyu. Su kansu masu ƙa'idojin sun ambaci nisan gida da asibiti a cikin abubuwan da likita zai auna. Uwar da ke ƙauye mai nisa da Kano ko Sakkwato ko Damagaram, wadda damina kan yanke wa hanya, ba daidai take da uwar da ke Holan ba, kuma likitan da ya kwantar da ɗanta ko ya ba shi magani da wuri bai saɓa wa ilimi ba.

Amma matsalar farko ita ce ganewa. Ɗige-ɗigen da ke bayyana ja a farar fata ba sa fitowa sosai a baƙa, sai an duba cikin baki da ganɗa da cikin fatar ido. Haɓo kuwa abu ne da aka saba da shi a lokacin hunturu da bazara, ba ya ta da hankalin kowa. Wanda ya kamata ya ta da hankali shi ne wanda aka matse tattausan wurin hanci minti goma zuwa sha biyar bai tsaya ba, ko wanda ya zo tare da tabbai. Bayan haka, a yankin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, shi ne kan gaba wajen rage filatilet, ba ITP ba. Ƙanjamau da ciwon hanta da zazzaɓin Lassa duk suna rage su, kwinin ma yana iya haddasa irin wannan kuskure na garkuwa. Mafi haɗari ita ce sankarar jini, wadda kan fara da tabbai iri ɗaya. Yaron da ke da zazzaɓi mai naci, ko ciwon ƙashi, ko kaluluwa, ko kumburin saifa, ko wanda idonsa ya yi fari, ba a gaggauta kiran ciwonsa ITP. Firedinisolon yana da arha kuma ana samunsa a kemis ba tare da takardar likita ba, kuma yana iya lafar da sankarar jini na ɗan lokaci, ya ɓoye ta, ya wahalar da ganewarta da maganinta daga baya. Saboda haka shafa jini a gilashi a duba shi da madubin likita, aikin da ba ya buƙatar tsadaddiyar na'ura, shi ne sharaɗi kafin a ba yaro ƙwaya ko ɗaya.

Akwai kuma abubuwan da ke tsakanin yaro da al'adarsa. Kaciya da cire beli da ƙaho da tsaga duk aikin aska ne, kuma ƙaramin yanka ga mai filatilet 10,000 ba ƙarami ba ne. Wanzamin da ya ga tabbai a jikin yaro ya ce a fara zuwa asibiti ya yi aikin da ya fi na askarsa. Haka allurar tsoka, wadda mutane da yawa ke ganin ta fi ƙwaya ƙarfi, tana iya tara jini a cikin nama. Asfirin da ibufurofen suna raunana 'yan filatilet da suka rage, farasitamol ne ya dace da zazzaɓin irin wannan yaro. Cire saifa ma hukuncinsa ya fi nauyi a nan, domin ita ce matatar da ke tsince jajayen ƙwayoyin da maleriya ta shiga, kuma wanda ba shi da ita zazzaɓin kan yi masa mummunan kamu.

Batun kuɗi ba ya kaucuwa. Yaro mai kilo 15 yana buƙatar giram 12 zuwa 15, lita guda ta filasma kuwa giram 4 zuwa 5 take bayarwa, kuma daga ɗibar filasma zuwa kwalba ana shafe watanni. Wajen kashi biyu cikin uku na filasmar da ake sarrafawa a duniya daga Amurka take fitowa, inda ake biyan masu bayarwa. A Nijeriya da Nijar shigo da maganin ake yi da kuɗin waje, ana sayar da shi giram-giram, kuma galibi iyali ne ke biya. A nan ne fahimtar iyakarsa ke da daraja. Idan ƙasar da ta fi kowa arzikin filasma ta fifita sa ido da firedinisolon ga mafi yawan yara, babu dalilin da magidanci zai sayar da gona saboda lambar da ke kan takarda alhali ɗansa yana wasa. Kwalbar ta yaron da jininsa ya ƙi tsayawa ce, kuma ya fi dacewa manyan asibitocin koyarwa su tanade ta dominsa kafin ya iso.

Idan an ɗura, kalmomin da za a yi wa iyaye bayani da su suna buƙatar zaɓe. "Ƙarin ruwa" yana sa a ɗauke shi kamar ruwan gishirin da aka saba gani, "ƙarin jini" kuma yana sa a zaci an cike abin da ya ragu an gama. Ya kamata su ji tun ranar farko cewa adadin zai iya sake sauka bayan mako uku, kuma saukarsa ba ta nufin maganin jabu ne ko likita ya gaza. Ya kamata kuma a rubuta ranar ɗurin a katin rigakafin yaron. Baƙon antibodi yana kashe ƙarfin allurar ƙyanda idan aka yi ta da wuri, don haka ake jinkirta ta wajen wata goma bayan ɗuri irin wannan. Ga jaririn da ya kamata a yi wa tasa yana wata tara, wannan jinkiri yana buƙatar a sa masa sabuwar rana a katin, a kuma sanar da ma'aikaciyar rigakafi dalilinsa.